Sauke Tankin Mai Daga Tsohuwar Peugeot 504

Tambaya: Wani bawan Allah daga unguwar Fadaman Mada a Bauchi ya ce mahaifinsa ya rasu ya bar Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, wadda ta shekara 11 a ajiye ƙarƙashin rumfa. Sun sa batir, sun zuba sabon mai, ta tashi ta sake mutuwa, kuma da aka buɗe kafireta, wato inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga inji, sai aka tarar da ita cike da jar ƙasa mai kama da laka. Makanike ya ba shi shawarar a ɗaura galan a cikin mota a manta da tanki, shi kuwa yana so ya sauke tankin da kansa, shi da ƙanensa, su wanke shi. Ya ƙara da cewa tunda tankin kusan babu komai a cikinsa, yana ganin aikin ba shi da wani haɗari.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya kuma sanya albarka a wannan niyya taka ta raya abin da ya bari. Na ji daɗin tambayar, domin mota ce da na shafe shekaru ina kwanciya a ƙarƙashinta, kuma ba na jin daɗin ganin yadda ake yanka ire-irenta ana sayar wa 'yan gwangwan. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da haɗa ta a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta. Irin taku mai kafireta tana da sauƙin sha'ani ta fannin mai, saboda famfon da ke jawo man a jikin inji yake, babu famfon lantarki a cikin tanki, kuma babu matsin mai a cikin bututu kamar na motocin zamani. Saboda haka aikin bai fi ƙarfinku ba, kai da ƙanenka, matuƙar za ku yi haƙuri.

Amma dole in fara da gyara maganarka ta ƙarshe, domin a kanta rayuwarku ta rataya. Tankin da ya kusa bushewa ya fi cikakken tanki haɗari. Ruwan fetur ba shi ne yake kamawa da wuta ba, tururin da ke tashi daga gare shi ne, kuma tururin nan ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, wato tsakanin kashi 1.4 zuwa kashi 7.6 cikin ɗari. A cikin tanki mai mai da yawa, tururin da ke saman man ya yi kauri fiye da kima, iskar ba ta isa ta ci wuta ba. Da zarar an tsiyaye man, iska ta shiga ta maye gurbinsa, sai gaurayen ya sauko daidai inda tartsatsi ɗaya zai tayar da shi. Tanki mai cin lita hamsin da 'yan kai, kamar na motarku, bai buƙatar fiye da cokali ɗaya na fetur da ya maƙale a lungunansa kafin ya zama abin da zai fashe. Tsohon man da ya daskare a gindinsa da tsatsar da ta tsotse mai sun isa su ci gaba da fitar da wannan tururi har tsawon watanni, ko da ka jijjiga tankin ba ka ji motsin komai ba. Balle ma ku da kuka ƙara sabon mai kwanan nan.

Abu na biyu game da tururin shi ne ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi, yana malala ne a ƙasa kamar ruwa, ya bi gangare, ya taru a rami ko kwata, ya kuma iya tafiya taku da yawa har ya tarar da wuta, sannan wutar ta biyo shi ta dawo inda kake kwance. Wannan ne dalilin da ya sa ban yarda a yi wannan aiki a kan ramin gareji ba, duk da cewa ramin yana sauƙaƙa wa mutum tsayuwa. Haka kuma ba na son a yi shi a tsakar gida inda ake girki. Ka turo motar waje mai sarari da iska ke ratsawa, nesa da murhu da kurfoti na gawayi da janareta da teburin mai shayi, ka sanar da mutanen gida cewa ranar ba a kunna wuta kusa, ka kuma sa wani babba ya tsare yara. Ku fara da sassafe bayan sallar asuba, gari ya ɗan waye, musamman idan a watan Maris ko Afrilu ne, lokacin da zafin Bauchi kan kusanci maki 40, saboda gwargwadon zafi gwargwadon yadda man ke tururi. Idan kuma a hunturu ne, akwai wata matsalar ta daban. Ka san ƙyas ɗin nan da mutum kan ji idan ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar leda a cikin duhu har ya ga ɗan haske. Wannan tartsatsin ya isa ya kunna tururin fetur. Ku sa tufafin auduga, ku bar rigunan ƙwallo, kuma kowa ya riƙa dafa ƙarfen jikin mota, can nesa da bakin tanki, kafin ya taɓa wani abu mai mai a ciki. A ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda a inda hannu zai kai, da bokiti biyu na yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukar ta yake yi ya baza.

Kwana biyu ko uku kafin ranar aiki, ka leƙa ƙarƙashin motar da tocila, amma ka fara bubbuga wurin da doguwar sanda, domin motar da ta shekara 11 a wuri ɗaya ta zama gidan kunama da ɓeraye, wani lokaci har da maciji. Tankin salun yana baya ne, a yankin but. Ka ɗage shimfiɗar but, ka sauke safaya, ka duba da idonka yadda aka riƙe tankin, saboda motar da ta yi shekara arba'in tana shiga hannun masu gyaran bodi ba lallai ta kasance yadda ta fito daga kamfani ba, na sha ganin wadda aka ɗaure tankinta da rodi ko aka like masa ƙarfe da walda. A tsofaffin motoci hanya biyu ce aka saba: ko dai ɗamarar ƙarfe guda biyu ta rungume tankin daga ƙasa, ko kuma leɓen da ya kewaye tankin ne aka ɗaure da notuna a jikin bodi. Ka ƙirga notunan, ka goge su da burushin waya a hankali, ka fesa musu man sassauta tsatsa irin WD-40, ka maimaita safe da yamma har ranar aiki. Ka ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo daga ɓangare biyu ko uku, ka kuma naɗa musu salatif ka rubuta inda kowanne yake shiga. Mutum yakan ɗauka zai tuna, amma bayan mako uku tanki yana wajen wanki, ba zai tuna ba.

Ranar aiki, kafin komai, ka cire wayar batir ta nagetif, wato wadda ke haɗe da jikin mota, sannan ta fozitif, ka fitar da batirin gaba ɗaya ka ajiye shi nesa. Ana fara cire nagetif ne domin idan sifana ta goga jikin mota a lokacin ba za ta yi tartsatsi ba.

Sai tsiyaye mai, kuma a nan ne na fi ganin ganganci. Kada ka zuƙi tiyo da baki, ko da ka ga kowa yana yi a tasha. Kurɓi kaɗan na fetur idan ya sarƙe mutum ya faɗa huhu yana jawo ciwon huhu mai tsanani wanda kan kai ga gadon asibiti, kuma idan hakan ta faru da wani, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a wuce da shi asibiti kai tsaye. Akwai ɗan famfon hannu mai roba a tsakiya da ake matsawa, ana samun sa a wajen masu kayan janareta da kayan babur, shi za ka saya. Kada ka yi amfani da famfon ruwa na lantarki. Idan tankin yana da noti na tsiyaya a gindinsa, ka gwada shi da sifana mai zobe wadda ta zauna daram, amma idan ya ƙi motsi kada ka matsa masa, domin ƙarfen da ke kewaye da shi ya yi laushi, yana iya yagewa ya bar ka da rami, man yana kwarara a hannunka babu hanyar tsayar da shi. Gara ka zare tiyon da ke fita daga tanki zuwa inji ka jawo man ta nan. Ka tara shi a jarkar ƙarfe da ke ajiye a ƙasa, bakin tiyo yana taɓa gindin jarkar don kada man ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama, kuma duk jarkar da ta cika a rufe ta a kai ta inuwa mai nisa kafin a ci gaba. Lita ɗaya ta fetur tana da nauyin kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, ke nan lita 20 da aka bari a ciki kilo 15 ne da zai riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan lokacin da kuke sauke tanki, kuma shi ne yake kuɓuce wa mutane.

Za ka gane tsohon mai da zarar ya fito. Launinsa kamar shayin da ya daɗe a kan wuta, warinsa ya bar na fetur ya koma na tsohon fenti, idan ka bar shi ya kwanta a kwalba za ka ga ruwa ya taru a ƙasa da jan gari a gindinsa. Wannan garin shi ne lakar da kuka gani a kafireta. Ruwan kuwa yawanci ba wani ne ya zuba ba, raɓa ce da iska mai laima take bari a bangon tanki duk damina, ta gangara ta zauna ƙarƙashin mai tana cin ƙarfe. Kada ka zubar da wannan mai a kwata ko masai ko kusa da rijiya, kada ka bai wa 'yan bumburutu su gauraya su sayar wa mai babur, kuma ina roƙonka kada ka bar shi a galan marar rubutu a cikin gida, domin mai girki tana iya ɗauka kananzir ne. Ka rubuta a jikinsa, ka kai wa masu karɓar baƙin mai a garejoji, ka gaya musu abin da ke ciki.

Daga nan sai ɗaga mota. A sa ta a giya, a sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba, a ɗaga baya da jak, a dafe ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi don wannan aiki, a wurare masu ƙarfi na shasi, ba a kan ƙasan but ba. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulon siminti kuma ba abin dogaro ba ne, yana rugujewa lokaci ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Idan ba a sami ƙafafun ƙarfe ba, a nemi gumagumai na icce mai tauri masu faɗi, a shimfiɗa katako a ƙarƙashinsu idan ƙasar mai yashi ce, a kuma tura tayar da aka cire ƙarƙashin mota ta zama kariya ta biyu. Ka girgiza motar da ƙarfi kana tsaye kafin kowa ya shiga ƙarƙashinta.

Abubuwan da ke haɗe da tanki ba su da yawa: babban tiyo da ya haɗa shi da bakin zuba mai, ƙaramin bututun da tanki ke shaƙar iska da shi, tiyon da ke kai mai inji, a wasu motocin da wanda ke dawo da ragowar mai, sai wayar geji, wato abin da ke nuna yawan mai, da wayar da ke haɗa ta da jikin mota. Shawarata game da tsofaffin tiyo ita ce kada ka yi kokawa da su. Roba mai shekara talatin ta ƙandare ta manne da ƙarfe, idan ka kama ta da filaya kana murɗawa, abin da zai karye shi ne ɗan bututun ƙarfen da ke jikin tanki, wanda dalma ce kawai ta riƙe shi, kuma gyaransa ya fi sayen tiyo wahala nesa ba kusa ba. Ka kwance kilif, ka tsaga robar a tsaye da wuƙa mai kaifi, ka ɓare ta kamar ɓawon rake. Babban tiyon bakin tanki ne kaɗai nake cewa a lallaɓa, a cire shi lafiya ko da ya tsage, domin lanƙwasarsa ta musamman ce, da shi za ka je kasuwa neman irinsa. Kowane bututu da ka buɗe ka toshe shi da noti mai tsabta ko ka ɗaure masa leda, saboda ƙura da kuma zanzaro. Na ambaci zanzaro da gangan. Akwai wata 504 da ta wahalar da ni kusan mako guda, tana tafiya lafiya daga Bauchi har wajen Dass sannan ta shaƙe ta mutu, idan aka buɗe murfin tanki sai a ji ya ja iska fuu, ta sake tashi kamar ba ita ba. Da na sauke tankin sai na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututun iska ya toshe shi ƙam, famfo yana jan mai, iska ba ta shiga ta maye gurbi. Motar da ta daɗe a rumfa kamar taku, zan yi mamaki idan ba ka tarar da irin wannan ba, don haka ka zura waya mai laushi a bututun ka tabbatar ya buɗe.

Notunan da suka riƙe tanki su ne za su gwada haƙurinka. Ka yi amfani da soket ko sifana mai zobe, ka ɗan ƙara ɗaure notin kaɗan kafin ka fara kwancewa, domin hakan yana karya tsatsar da ke cikin zare, sannan ka riƙa kwancewa rabin zagaye kana mayarwa kana ƙara mai. Idan ɗaya ya ƙi, ka bar shi ya kwana a jiƙe, sannu ba ta hana zuwa. Abin da ba za a yi ba, ko wane ne ya ba da shawara, shi ne kawo wutar kabaid a gasa notin, ko a kawo injin gurza ƙarfe a yanke shi. Idan yanka ya zama dole, zarton ƙarfe na hannu za a sa, a hankali, ana ɗiga mai a wurin. Wani lokaci salansa tana tare hanya, sai a kwance robobin da suka rataye ta a kautar da ita gefe, ba sai an cire ta duka ba.

Kafin noti na ƙarshe ya fita, ka sa jak a ƙarƙashin tanki da faffaɗan katako a tsakaninsu, don kada kan jak ya lotsa gindin tankin ko ya huda shi. Ƙanenka ya riƙe gefe ɗaya, kai kana sassauta jak. Ku sauke kamar faɗin tafin hannu ku tsaya, ka leƙa samansa da tocila, domin kusan kullum akwai waya ɗaya ko ƙaramin tiyo da ba a gani daga ƙasa, kuma shi ne ake tsinkewa. Ka sa tabarau na kariya, saboda abin da zai zubo maka a fuska ba kaɗan ba ne: jar ƙasar hanya da ta taru tun zamanin da mahaifinku yake zuwa ƙauye da motar, da ɓawon gyaɗa da tsummokaran da ɓera ya tara. Wannan ƙasar da ke kwance a saman tanki tana riƙe laima, shi ya sa tankuna da yawa daga sama suke ruɓewa, ba daga ƙasa ba, kuma mai mota ba ya sani sai ranar da ya cika tanki ya ji wari ya cika mota. Robobi ko ƙyallayen da ke tsakanin tanki da bodi kada a yar da su, su ne suke hana ƙarfe gugar ƙarfe. Idan ka tarar naku ta cikin but yake fita, tsarin ɗaya ne, sai dai ɗagowa za ku yi maimakon saukewa, kuma a bar but a buɗe tun farko don tururi ya fice. Haka ake yi wa Volkswagen Beetle, wadda tankinta mai cin kusan lita 40 yake gaba, notuna huɗu suka riƙe shi, da kuma Marsandi W123 salun, wadda nata yake tsaye a bayan kujerar baya, ana isa gare shi ta cikin but.

Tanki yana ƙasa, haɗarin bai wuce ba, a gaskiya yanzu ne ya fi yawa. Ku ɗauke shi ku kai inuwa a fili, ku juye ragowar da ke ciki a jarka, sannan a cire na'urar geji mai fulot, wato ɗan abin da ke yawo a saman mai yana auna yawansa. Idan ƙananan sukurori ne suka riƙe ta, a jiƙa su a kwance a hankali, idan kuma zobe ne da ake juyawa, a buga shi da guntun katako mai tauri ko tagulla, ba da kurfi da guduma ba, saboda ƙarfe a kan ƙarfe yana tartsatsi. A zaro ta a karkace don kada hannun fulot ya lanƙwashe, a adana ta sosai, domin ta asali ta fi yawancin sababbin da ke kasuwa. Leƙa ciki da tocila mai rufaffen gilashi, a kunna ta tun daga nesa. Ashana ko laita ba sa zuwa kusa da wannan rami. Ina faɗar haka ne domin na san wani mai walda, mutum mai hannu da sanin aiki, wanda aka kawo masa tankin da aka rantse masa ya shekara biyu a bushe, ya ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya ya kusanto da wuta. Tankin ya buɗe kamar an yaga kwali, Allah ya yi da sauran kwanansa, amma kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba, kuma yaron da ke riƙe masa tankin ya daɗe yana jinyar hannu.

Abin da ka gani a ciki shi zai nuna mataki na gaba. Idan tsatsar sama-sama ce, ana wanke shi da ruwan zafi da garin sabulu sau da yawa, sannan a zuba notuna ko guntun sarƙa a jijjiga sosai ta kowane gefe don su kankare bangon. Ka ƙirga notunan kafin ka zuba, ka ƙirga bayan ka juye, domin akwai shingayen ƙarfe a cikin tanki da ke hana mai tangaɗi, kuma abu yakan maƙale a bayansu. Tsakuwa ba ta da kyau saboda wannan dalili, ga shi maganaɗisu ba ya kamo ta. Bayan haka ana iya jiƙa shi da ruwan khal na kwana ɗaya ko biyu, ko maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, a ɗauraye, a shanya a rana bakinsa a buɗe har ya bushe ƙarau, kada a busar da shi da na'urar lantarki kowace iri. Ku sa safar hannu, ku kuma tara ruwan wankin nesa da rijiya da dabbobi, saboda motar ta sha fetur mai gubar dalma shekaru da yawa kafin a daina sayar da shi a ƙasar nan a farkon shekarun 2000, kuma tsofaffin tankuna da dama an shafe su da dalma tun daga kamfani. Don gwada yoyo, a toshe ƙofofin, a hura iska kaɗan da famfon keke, a shafa ruwan kumfa a kan ɗinkin tankin da samansa a ga inda zai yi ƙwai. Kada a kai shi wajen mai faci a sa masa injin iska, tankin mai ba taya ba ne, zai kumbura ya ɓalle shingayen ciki.

Ƙaramin huji ɗaya ko biyu ana iya toshe su da gam na ƙarfe mai haɗi biyu wanda aka rubuta yana jure fetur, bayan an goge wurin ya yi fes. Sabulun da direbobi ke gogawa a kan yoyo dabarar hanya ce ta kai mutum gari, ba gyara ba ce. Idan kuwa ka danna ƙarfen da babban yatsa ka ji yana lotsawa, ko hasken rana yana shigowa ta ƙananan huji barkatai, to tankin ya gama aiki, kada ka ɓata kuɗi. Gara a nemi wani mai lafiya a wajen masu tsofaffin kayan Fijo, a nan Bauchi ko Jos, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ka tafi da naka ko hotonsa da awonsa, domin na salun da na wagon da na a-kori-kura ba ɗaya ba ne. Idan walda ta zama dole, sai wajen wanda zai dafa tankin da tururin ruwa mai zafi na dogon lokaci, ko ya cika shi da ruwa har kusa da inda zai yi aiki. Dabarar zura tiyon salansa a cikin tanki, wadda wasu ke yi, ban amince da ita ba, domin hayaƙin mota mai kafireta yana iya ɗauke da man da bai ƙone ba.

Game da shawarar galan a cikin mota kuwa, ban goyi bayanta ba ko na kwana ɗaya. Galan ɗin roba da tiyo a bakinsa yana cika mota da tururin da muka yi bayani, kusa da wayoyin da ɓera ya riga ya ci, kuma iyalinka ne za su zauna a ciki.

Tun da tanki yana ƙasa, ka yi amfani da damar ka kankare bodin da ke samansa ka shafa masa fentin hana tsatsa, ka hura bututun ƙarfen da ya tafi gaba daga ɓangaren inji bayan ka zare shi daga famfo, ka canza duk tiyo da wanda aka rubuta a jikinsa cewa na fetur ne, ba tiyon ruwa ko na lebur ɗin magina ba, ka sa sababbin kilif da sabuwar matatar mai kafin famfo. Robar cikin famfon mai ma a duba ta, domin idan ta tsage fetur yana gangarawa cikin baƙin mai, za ka ji warinsa a jikin sandar awo. Wajen mayarwa, a sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo, a bakin geji, a kankare inda wayar jikin mota ke zama har ƙarfe ya yi haske, in ba haka ba allurar geji za ta riƙa yi maka ƙarya. Kada ka cika tanki a karon farko. Ka zuba lita 10, ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar ta kwana, da safe ka duba kwalin ka kuma shafa kowace mahaɗa da yatsa, sannan ka mayar da batir, fozitif da farko, nagetif daga baya. Ranar da za ka cika shi fal, ka yi hakan a gidan mai na kusa da gida, ka dawo ka sake leƙa saman tankin da wuyansa, domin yoyon da ke can sama sai tanki ya cika yake bayyana.